Daga gafakar Malam Umaru Falke zuwa allon kwamfuta

Da Malam Umaru Falke ya rasu a 1962, ya bar abin da ya tara a shekarun fatauci da neman ilimi: littattafan fiƙihu, waƙoƙin bege, laƙani, wasiƙu, galibi rubutun hannu, wasu da Larabci wasu da ajami. Tarin Bakanon nan, sama da guda 3,000, yau yana ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern da ke Amurka. An daɗe ɗalibin Kano bai da hanyar sanin abin da ke ciki sai ya nemi biza da kuɗin jirgi.

Tun kafin intanet masu bincike ke fama da wannan nisa. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan, inda ake aro littafi daga hannun mai shi, a ɗauke shi a siririn fim na maikurofim, a mayar masa da abinsa. Dabara ce mai kyau, amma wanda ya taɓa zama gaban na'urar karanta fim ɗin ya san wahalarta. Kana murza hannu, shafi na wucewa dishi-dishi, ido na ruwa. Ga shi fari da baƙi ne kawai, don haka jar tawadar da malam ya bambanta matani da sharhi da ita sai ta saje da sauran.

Babban sauyi, a ganina, daga fihirisa ya zo. A ƙarshen shekarun 1980 Charles Stewart na Jami'ar Illinois ya ɗauki hoton littattafan zuriyar Shehu Sidiyya a garin Butilimit na Muritaniya, sannan ya zuba sunayensu a kwamfuta yadda za a iya nema da haruffan Larabci ko na boko. Rumbun nan, AMMS, ya ci gaba da haɗiye wasu fihirisai, har da na cibiyar IRSH ta Yamai da na tarin Falke, daga baya kuma ya hau intanet. Mai bincike a Zariya sai ya rubuta sunan littafin Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga garuruwan da kwafinsa yake.

Hoto mai launi ya biyo baya. Shirin ceto tsofaffin takardu na British Library, wanda aka fara a 2004, ya gindaya cewa asalin takarda ba ya barin ƙasarsa, kwafi kawai ke tafiya, kuma kowa ya duba kyauta. Hikimar haka ta fito fili a Janairun 2013, da aka ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba ta Tumbutu.

Sai dai kyamara ba ta san littafi ba. Littattafanmu warware suke, ba ɗinki, ba lambar shafi; kalma ɗaya da mai kwafa ya rataya a gindin shafi ita ke nuna wanda ke biye. In gara ta ci wannan kusurwa, sai malamin da ya haddace littafin ne zai iya jera shafukan. Ajami kuwa har yanzu kwamfuta na tuntuɓe a kansa, shi ya sa a aikin da Fallou Ngom ya jagoranta a Jami'ar Boston mutane ne suka zauna suna juya rubutun Hausa zuwa boko, layi bayan layi.