Zargin Wariya da Tantance Minista: Waiwaye daga Sabon Tasha

Makasudin wannan takarda shi ne duba yadda zargin nuna bambanci ya bi wani ɗan takarar minista daga Jihar Kaduna har zauren Majalisar Dattawa a shekarar 2023, da kuma yadda majalisar ta yi da zargin. Amma tilas mu fara daga kogi. Tun bayan rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000, da wanda ya biyo baya a Nuwamban 2002, kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin mazauna gari ɗaya. Kiristoci da dama suka yi ƙaura zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi kuwa suka tattara a Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Saboda haka duk wani naɗi da aka yi a jihar, mutumin Sabon Tasha da na Rigasa kowa da ma'aunin da yake auna shi.

Daga 1999 an bi wata al'ada wadda ba a rubuta ta ba, wato gwamna da mataimakinsa ba sa fitowa daga addini ɗaya. Haka Ahmed Makarfi ya tafi da Stephen Shekari, sa'an nan da Patrick Yakowa, wanda ya hau gwamna a 2010. Malam Nasir El-Rufa'i ma da Barnabas Bala ya fara a 2015. A ƙarshen 2018 ne ya sauya, ya ɗauko Dokta Hadiza Balarabe, Musulma daga Ƙaramar Hukumar Sanga. Magoya bayansa suka ce ai 'yar Kudancin Kaduna ce, kuma cancanta aka duba. Masu suka, musamman ƙungiyar SOKAPU da shugabannin coci, suka ɗauki abin a matsayin mayar da su saniyar ware. A nan ƙabila da addini sun cuɗe, ba a iya raba su da wuƙa.

Da Shugaba Bola Tinubu ya aika da sunansa, El-Rufa'i ya bayyana gaban majalisa ran 1 ga Agusta 2023. Sanata Sunday Karimi na Kogi ta Yamma ya miƙe ya ce yana riƙe da takardar koke a kansa. Shugaban majalisa, Godswill Akpabio, bai bari an tattauna ta a zaure ba. Ran 7 ga wata aka amince da mutum 45 cikin 48, aka jingine sunansa da na wasu biyu, da hujjar ana jiran rahoton jami'an tsaro. Daga bisani Balarabe Abbas Lawal ne ya cike gurbin Kaduna, tun da tsarin mulki ya wajabta wa kowace jiha minista aƙalla ɗaya.

A ganina, abin lura ga mai nazarin tarihi shi ne ba a yi shari'ar zargin ba ko kaɗan. Mu kwatanta da Amurka. A 1986 Shugaba Reagan ya gabatar da Jeff Sessions domin ya zama alƙalin tarayya, aka zarge shi da wariyar launin fata. Kwamitin shari'a ya kira shaidu a bainar jama'a, ciki har da wani lauya baƙar fata da ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Shi ma Sessions ya musanta, aka kaɗa ƙuri'a, 10 suka ƙi, 8 suka yarda. Ko an yi masa adalci ko ba a yi ba, akwai rubutaccen bayani da za a koma gare shi, kuma an koma ɗin a 2017 sa'ad da aka tantance shi ministan shari'a.

A Abuja kuwa masu koke ba su sami damar kawo hujja ba, wanda ake zargi bai sami damar kare kansa ba. Waɗanda suka yi murna a kudancin kogi sun ɗauka kukansu aka ji. Shi kuwa El-Rufa'i, a wata hira ta talabijin a 2025, cewa ya yi ba majalisa ce ta hana shi ba, shugaban ƙasa ne ya sauya ra'ayi.