Hular Da 'Yan Tseren Keke Suka Ƙi

A watan Maris na 1991, ana tsakiyar gasar tseren keke ta Paris zuwa Nice a ƙasar Faransa, 'yan tsere suka yi wa hukumarsu bore. Hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, ta kafa doka a shekarar cewa dole kowane ƙwararren ɗan tsere ya sa hular kwano. Da aka hukunta ɗaya daga cikinsu saboda ya tuɓe tasa yana hawan dutse, sai sauran suka haɗa baki, suka fito fagen tsere kai a buɗe. Hujjarsu ba ta da tsawo: hular tana da nauyi, tana kuma dafa kai. Mutumin da zai yi awa biyar ko shida yana taka keke a rana, in ji su, ba zai iya ɗaukar tukunya a ka ba. Hukumar ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta janye dokar.

Sai da aka ƙara shekara goma sha biyu, aka kuma binne fitattun 'yan tsere biyu, sannan dokar ta dawo ta zauna. Yana da sauƙi a kalli 'yan boren 1991 a ce taurin kai ne ya ɗebe su. Amma ƙorafinsu na gaskiya ne, kuma shi ne ya tilasta wa masu ƙera hula suka sauya ta har ta zama abin da ake gani yau. Duk wanda ya shiga shago yana neman hula ɗaya da za ta kai shi ƙarshen shekara, cikin zafi da ruwa da sanyi, tsohuwar tambayar 'yan tseren nan yake maimaitawa.

Tun a shekarun 1880 aka san kan mai keke yana cikin haɗari. Keken wancan zamani yana da wata ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya, mahayin kuma yana zaune can sama, ta yadda ƙaramin dutse kan iya wurgo shi ta ka. Wasu sun riƙa sa irin hular nan mara nauyi da Turawan mulkin mallaka suka shahara da ita don kare rana. Daga baya 'yan tsere suka koma ga wata hula ta fata, siraran madauri ne da aka cusa wa abu mai laushi aka jera su daga goshi zuwa ƙeya. Iska na ratsa ta yadda ake so, shi ya sa ta daɗe ana amfani da ita har cikin shekarun 1970. Sai dai iyakar aikinta hana ƙujewar fata. Idan kai ya daki kwalta, ƙarfin bugun yana isa ƙwaƙwalwa kusan yadda ya taso.

Ilimin auna hula daga tseren mota ya fito. A 1956 wani ɗan tseren mota ɗan Amurka, Pete Snell, ya mutu a jihar Kalifoniya bayan motarsa ta kife, alhali yana sanye da hular da ake yabawa a lokacin. Abokansa suka kafa gidauniya da sunansa a 1957, aikinta shi ne a jefa hula a kan ƙarfe a ɗakin gwaji a auna abin da ya isa ga kai. Wannan gwaji ya nuna cewa taurin hula kaɗai ba ya ceton kowa. Abin da ke lalata ƙwaƙwalwa shi ne tsayawar kai farat ɗaya. Kai yana tafe da gudu, ya haɗu da ƙasa, ƙoƙon kai ya tsaya cak, ƙwaƙwalwa kuma ta ci gaba da tafiya ta bugi bangonsa daga ciki. Abin da ake buƙata shi ne wani abu da zai murƙushe a hankali tsakanin kai da ƙasa, ya ɗan tsawaita lokacin tsayawar, ko da da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Abin da ya dace da wannan aiki kowa ya san shi: farin soson nan mai tauri da ake tallafe sabon talabijin ko firji da shi a cikin kwali, wanda ake kira polistirin. A 1975 kamfanin Bell, wanda ya riga ya yi suna wajen hulunan mota da babur, ya fitar da Bell Biker, hula mai wannan soso a ciki da ɓawon roba mai tauri a waje. Ta fi hular fata kariya nesa ba kusa ba. Amma tana da nauyi, kofofin iskarta ƙanana ne, kuma kamanninta kamar an kife kwano. Masu yawon buɗe ido a kan keke da masu zuwa aiki a Amurka sun karɓe ta. 'Yan tseren Turai ko kallo ba ta ishe su ba.

Daga nan masu ƙira suka shiga yaƙi da nauyi da zafi. A 1986 kamfanin Giro, wanda Jim Gentes ya kafa a Kalifoniya, ya fitar da Prolight, wadda aka cire mata ɓawon gaba ɗaya, aka bar soson tsirara aka lulluɓe shi da yadi mai talewa. Nauyi ya ragu sosai. Matsalarta ita ce soson da ba shi da ɓawo yana iya tsagewa gida-gida a bugun farko, kuma ba ya zamewa a kan kwalta yadda roba ke yi. A farkon shekarun 1990 aka samo mafita: a narka siririn ɓawo tare da soson a cikin mazubi ɗaya, su manne su zama jiki guda. Wannan dabara ce ta ba da damar huda manyan kofofin iska ba tare da hular ta rushe ba, kuma kusan duk hular kirki da ake sayarwa yau a kanta take.

Akwai wani abu da ya faru a tsakani wanda ya fi kowace lacca tasiri. A ranar ƙarshe ta gasar Tour de France ta 1989, Laurent Fignon na Faransa yana gaban Greg LeMond na Amurka da daƙiƙa 50, saura tseren kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, kowa shi kaɗai da agogo. LeMond ya sa hula mai tsinin ƙeya da ke yanka iska, ya kuma ɗaura wa kekensa wasu hannaye da ke miƙar da jiki gaba. Fignon ya fito kai a buɗe, gashinsa a ɗaure yana kaɗawa. LeMond ya lashe gasar da tazarar daƙiƙa 8, mafi ƙanƙanta a tarihinta. 'Yan tsere sun fahimci cewa hula na iya ƙara gudu. Sun yarda da ita inda take kawo nasara, amma a kan duwatsu cikin rana suka ci gaba da ƙin ta, kamar yadda boren shekara biyu bayan nan ya nuna.

Ranar 18 ga Yuli 1995, a zango na 15 na Tour de France, 'yan tsere na gangarowa daga dutsen Portet d'Aspet a tsaunukan Pyrenees sai wasu suka faɗi a wata kwana. Cikinsu har da Fabio Casartelli, ɗan Italiya mai shekara 24, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992. Kansa ya daki tubalin kankare da ke gefen hanya, babu hula. Ya rasu a ranar. Washegari 'yan tsere suka yi tafiyar zangon a hankali ba tare da gasa ba, suka bar abokan ƙungiyarsa ta Motorola suka ƙetare layi a gaba. Likitoci sun saɓa a kan ko hula za ta iya cetonsa, wannan saɓani kuma ya ba hukuma inda za ta fake. Ba a sauya doka ba.

Mutuwar da ta sauya ta ta zo ne a gasar da aka yi boren. Ranar 11 ga Maris 2003, a zango na biyu na tseren Paris zuwa Nice, Andrei Kivilev na ƙasar Kazakistan, wanda ya zo na huɗu a Tour de France ta 2001, ya yi karo da wasu 'yan tsere ya faɗi da ka. Ba a kan gangaren dutse ba ne, faɗuwa ce irin wadda ake gani kullum. Ya cika washegari a asibiti a birnin Saint-Étienne yana da shekara 29. Amininsa kuma ɗan ƙasarsu, Alexander Vinokourov, shi ya lashe gasar. Daga 5 ga Mayu 2003 UCI ta wajabta hula, wannan karon kuma babu wanda ya iya tara jama'a don bore. Duk da haka hukumar ta bar wata 'yar ƙofa da ke nuna cewa ta san inda gizo ke saƙa: idan zango zai ƙare da hawan dutse mai tsawon aƙalla kilomita 5, ɗan tsere na iya cire hularsa a gindin dutsen. Aka riƙa ganinsu suna miƙa huluna ga ma'aikatan ƙungiya kafin su fara hawa. A 2005 aka rufe wannan ƙofa.

Gwamnatoci sun riga hukumar tsere. Jihar Victoria ta Ostireliya ta wajabta hula ga duk mai keke a Yulin 1990, New Zealand ta biyo baya a Janairun 1994. Har yau ana muhawara a kan waɗannan dokoki, domin masu suka suna cewa sun kori mutane daga hawan keke, suna kuma nuni da ƙasar Holan, inda kaɗan ne ke sa hula amma hanyoyin keke na musamman suka raba mahayi da mota. Wanda ya tuna abin da ya faru a Najeriya a Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa masu babur sa hula, har wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya ko hular magina a ka don kauce wa kamu, ya san cewa doka na iya ɗora abu a kai ba tare da ta kare kan ba.

Abin da ke raba hula da ƙwarya shi ne 'yar takardar da ke manne a cikinta. A Turai ana bin ma'aunin EN 1078 tun 1997, a Amurka kuma na hukumar CPSC tun Maris 1999. A gwajin Amurka ana sa hular a kan wani kai na ƙarfe, a sake ta daga tsayin kusan mita 2 a kan ƙarfe shimfiɗaɗɗe, kuma ƙarfin bugun da ya isa ciki kada ya wuce ninki 300 na ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi. Na Turai yana jefawa daga kusan mita ɗaya da rabi, iyakarsa ninki 250. Gudun faɗuwar a gwaje-gwajen biyu bai wuce kilomita 20 zuwa 22 a awa ba. Ma'ana, an ƙera hular keke ne don mutumin da ya faɗo daga kekensa, kuma babu mai ƙira na gaskiya da zai yi alkawarin za ta tare mota mai gudu.

Ga mai neman hular duk shekara, akwai wani sashe na gwajin da ba a cika ambata ba. Kafin a jefa hula, ana gasa wasu a zafin da ya kai kimanin digiri 50, a daskarar da wasu ƙasa da sifili, a ma'aunin Amurka kuma a jiƙa wasu cikin ruwa na awoyi. Dole kowacce ta ci jarrabawar. Saboda haka hular da ke ɗauke da hatimi na gaskiya kariyarta ba ta raguwa don an shiga bazara ko damina. Abin da ke sauyawa da yanayi shi ne ko mai ita zai jure barinta a kansa. Shi ya sa ya fi hikima a zaɓi hula da la'akari da watan da ya fi zafi, mai manyan kofofi a gaba da hanyoyin iska da aka sassaƙa a ciki har zuwa ƙeya. Sanyi yana da magani mai arha, wato siririyar hular yadi a ƙarƙashi, a ɗan sassauta maɗaurin ƙeya. Zafi kuwa ba shi da magani idan hular a toshe take. Hular ulu mai kauri a ƙarƙashi kuskure ce, domin tana ɗaga hular kwanon sama ta bar goshi a fili, alhali wurin zamanta bai kamata ya wuce faɗin yatsu biyu daga gira ba.

Gyara na baya-bayan nan daga Suwidin ya zo. A tsakiyar shekarun 1990 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Stockholm, Hans von Holst, ya lura cewa majinyatansa suna zuwa da mummunan rauni duk da sun sa hula. Tare da injiniya Peter Halldin suka bi diddigi, suka ga cewa mutum ba ya faɗuwa a miƙe kamar yadda ake sakin hula a ɗakin gwaji. A karkace yake faɗuwa, kai ya murɗa, murɗawar kuma tana yaga jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Suka ƙirƙiro wani siririn shimfiɗi a cikin hula, wanda ake kira MIPS, da ke barin ta ta zame milimita 10 zuwa 15 a kan kai lokacin bugu. Tun 2018 jami'ar Virginia Tech a Amurka take gwada hulunan keke da irin wannan bugun na karkace tana ba su taurari, sakamakon kuma ya sha nuna cewa wasu masu sauƙin kuɗi suna gaban wasu masu tsada. Yawancin ƙarin kuɗin hula mai tsada yana tafiya ne ga rage nauyi da ƙara iska, wato abubuwa biyun da aka yi bore a kansu a 1991.

Abu ɗaya bai sauya ba tun zamanin Bell Biker. Soson polistirin sau ɗaya yake aiki. Da zarar ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, ko da ɓawon waje bai nuna tsaga ba. Hular da ta taɓa dukan ƙasa da kai a cikinta ta gama aikinta, kuma wannan ne haɗarin sayen ta gwanjo, domin mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ta gani a hannun wanda ya riga shi.