Labarin Man Aduwa a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Jama'a, kowa ya san aduwa. Yara na tsotson ƴaƴanta, mata na dafa dubagira, malamai kuma da icenta ake sassaƙa masu allo. Amma yau kan manta za mu yi magana.

A da, idan hunturu ya kama, ƙafa ta yi faso, jiki ya yi fari fat, tsofaffin mata ba sa zuwa kanti. Sai su tara ƙwallon aduwa, su fasa, su fid da ƙwayar ciki. A soya ta sama-sama, a daka, a zuba cikin tukunyar ruwa bisa wuta. Man zai taso, sai a kwalfe shi. Aiki ne mai wuya, don ƙwallon aduwa tauri gare shi ƙwarai. Mutanen Masar ma sun san wannan mai. An tarar da ƴaƴan aduwa cikin kaburburansu na wajen shekara 4,000 da suka wuce.

To, me ya rage shi a ƙasarmu? Da farko dai basilin ya shigo kasuwa. Daga man fetur ake fid da shi, ga araha, ba fasa ƙwallo. Sa'an nan, a shekarar 1935 Faransawa suka yi dokar daji wadda ta sa itatuwa ƙarƙashin hukuma. Manomi ya ga icen gonarsa ba nasa ba ne, yana iya jawo masa tara. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Noman gyaɗa ya bunƙasa, aka yi ta share gonaki ƙal. Ga fari na 1973, ga yunwar 1984 wadda ake kira El Buhari. Itatuwa suka yi ƙaranci, iska ta samu hanya.

A 1983 wani baturen Ostiraliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura da cewa kututturen da aka sare suna nan da rai ƙarƙashin ƙasa. Idan manomi ya bar tofo kaɗan masu ƙarfi, ya datse sauran, ice zai dawo. Shi ne sassaben zamani. Gaskiya dai kakanninmu ma sun san haka, tsoron tara ne ya hana. Dabarar ta bazu a Agiye, da Tasawa, da Mayahi. A 2004 sabuwar dokar daji ta ƙara wa manoma iko kan itatuwan gonakinsu. Gawo ya dawo, aduwa ma haka.

Masana sun auna man aduwa, sun tarar da bitamin E a ciki. An gano wannan bitamin a Amurka a 1922. Ga aikinsa: kun ga yadda ƙarfe ke tsatsa, ko mai ya daɗe ya yi wari? Iska ce ke cin su. Rana da iska suna yi wa fata irin wannan ɓarna, bitamin E kuwa yana rage ta. Shi kansa man yana rufe fata, ruwan jiki bai saurin fita. Don haka ya fi amfani a shafa shi bayan wanka, jiki da ɗan danshi. Kaushi ya ragu, ƙaiƙayin bushewa ya lafa.

Yanzu kamfanonin Turai suna sa man aduwa cikin kayan shafa, har ana sayar da bitamin E a ƙwayoyi masu tsada. Mai cin gyaɗa da ganye irin su zogale yana samun nasa cikin abinci.

Sai dai man aduwa ba ya kashe ƙazuwa ko makero. Idan ƙurji ya yi ruwa, ko yaro ya kwana yana susa, a kai shi likita.