Gidajen abincin Biyetnam

Gidajen abincin Biyetnam wurare ne da ake dafawa da sayar da girkin ƙasar Biyetnam, wadda ake kuma rubutawa Vietnam, a kudu maso gabashin nahiyar Asiya. Sun haɗa da ƴan rumfunan bakin titi masu ƙananan kujerun roba a biranen Hanoi da Ho Chi Minh, da shagunan iyalai ƴan gudun hijira a Amurka, Faransa da Ostireliya, da kuma gidajen abinci na zamani da suka fara bayyana daga shekarun 1990. An san girkin da yawan amfani da shinkafa, ɗanyen ganye mai ƙamshi, romon ƙashi da ruwan kifi mai gishiri. Wani ɓangare na wannan girki ya iso Afirka ta Yamma tun shekarun 1950 ta hannun iyalan sojojin da suka yi yaƙi a Indochina.

Asalin girkin

Shinkafa ce tushen abincin Biyetnam, ana nomanta musamman a fadamun Jan Kogi a arewa da na kogin Mekong a kudu. A harshen ƙasar, cewa ăn cơm, wato cin shinkafa, na nufin cin abinci gaba ɗaya, kamar yadda Bahaushe kan ce a zo a ci tuwo ko da wani abincin aka girka. Daga garin shinkafa ake yin taliya iri-iri, da wata siririyar fata mai kama da takarda wadda ake naɗe abinci a ciki.

Mulkin Sin na kimanin shekaru dubu, wanda ya ƙare a shekarar 938, ya bar cin abinci da tsinke biyu da wasu hanyoyin suya. Faransawa, waɗanda suka fara kai hari ƙasar a 1858 kuma suka fice a 1954, sun kawo burodi da kofi da madarar gwangwani, a zamaninsu ne kuma cin naman shanu ya ƙaru a birane. Ana kasa girkin gida uku: na arewa ba shi da yaji sosai, na tsakiya da ke kewayen tsohon birnin sarauta na Huế yana da barkono, na kudu kuma yana da zaƙi da ruwan kwakwa da ganye mai yawa.

Sinadarin da ya haɗa su duka shi ne nước mắm. Ana zuba ƙananan kifayen teku da gishiri a manyan gangunan katako na kimanin shekara guda, sannan a tace ruwan. Matsayinsa a tukunyar Biyetnam kamar na daddawa ne a miyar Hausawa, warinsa yana da ƙarfi amma kaɗan daga cikinsa yana gyara miya. Na tsibirin Phú Quốc ya fi suna, kuma a 2012 Tarayyar Turai ta ba sunansa kariya ta doka.

Sanannun abinci

Phở shi ne abincin da aka fi sanin ƙasar da shi. Taliyar shinkafa ce mai faɗi a cikin romon ƙashin shanu ko na kaza, wanda ake dafawa na sa'o'i da yawa tare da gasasshiyar albasa, citta, kirfa, kanumfari da wani ƙamshi mai siffar tauraro. Ya samo asali a farkon ƙarni na 20 a yankin Nam Định da Hanoi. Bayan yarjejeniyar Geneva ta 1954 ta raba ƙasar biyu, dubban ɗaruruwan mutanen arewa sun yi ƙaura zuwa kudu da shi, inda aka ƙara masa tsiron wake da ganye da lemun tsami a faranti na daban.

Bánh mì burodi ne dogo irin na Faransa da ake tsagawa a cusa nama, kokwamba, barkono da karas da aka jiƙa a ruwan khal da sukari. Gỏi cuốn naɗi ne na fatar shinkafa da ba a soya ba, mai ɗauke da jatan lande, taliya da ganye. Wanda aka soya ana kiran sa nem a arewa, chả giò a kudu. Bún chả gasasshen naman alade ne da taliya, cơm tấm kuma tsakin shinkafa ne da a da talakawa ke ci, daga baya ya zama abincin gari a Saigon. Akwai kuma bánh căn da bánh khọt, waɗanda ake toyawa da ƙullun shinkafa a kasko mai ramuka, kusan yadda mai waina ke yi da tanda a Gummi ko Anka. Miyar canh chua ta kudu da tsamiya ake yi mata tsami.

Ana rufe cin abinci da kofi mai ƙarfi da ke ɗiga ta ƙaramin matacin ƙarfe zuwa kan madara mai kauri da zaƙi. Biyetnam ce ta biyu a duniya wajen noman kofi, bayan Brazil.

Sunaye da furuci

Ana rubuta harshen Biyetnam da baƙaƙen Latin, kamar bokon Hausa, tsarin da limaman Katolika suka fara a ƙarni na 17, ciki har da Alexandre de Rhodes wanda ya wallafa ƙamus a 1651. Harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, sai dai karin Hanoi yana da guda shida, kuma ana nuna su a rubuce. Saboda haka phở abinci ne, phố kuwa titi ne, kamar yadda tsawon wasali ke raba garin zama da garin tuwo. Ana furta ph kamar f. Game da asalin kalmar phở ra'ayi biyu ne suka fi yawa: wasu na danganta ta da feu na sunan miyar Faransawa pot-au-feu, wasu kuma da kalmar Sinawan Canton mai nufin taliyar shinkafa.

Bazuwa a duniya

Faɗuwar Saigon a ranar 30 ga Afrilu, 1975, da ƙaurar da ta biyo baya ta jiragen ruwa, su suka kai girkin ƙasashen waje. Sayar da abinci sana'a ce da ba ta buƙatar jari mai yawa ko ƙwarewa a harshen sabuwar ƙasa, kuma iyali guda na iya gudanar da ita, don haka ƴan gudun hijira da yawa suka kama ta. Unguwanninsu sun haɗa da Little Saigon a Westminster ta jihar California, gunduma ta 13 a Paris, Cabramatta a Sydney da titin Kingsland a Landan. A Berlin da Prague kuwa, yawancin al'ummar sun samo asali ne daga ma'aikatan kwantiragi da suka je Jamus ta Gabas da Czechoslovakia a zamanin gurguzu. A cikin gida, sauye-sauyen tattalin arziki na Đổi Mới da aka fara a 1986 sun buɗe wa ƴan kasuwa da masu yawon buɗe ido ƙofa, gidajen abinci masu zaman kansu suka sake yawaita.

Gidajen abinci na zamani

Gidan abinci na zamani ya bambanta da tsohon shagon iyali ta fuskar tsarin wuri, farashi, zaɓen kayan miya da yadda ake jera abinci a faranti. Ana yawan ambaton The Slanted Door, wanda Charles Phan ya buɗe a San Francisco a 1995, a matsayin ɗaya daga cikin na farko. Ya sami lambar yabo ta James Beard ta fitaccen gidan abinci a 2014. A Sydney, Luke Nguyen da ƴan uwansa sun buɗe Red Lantern a 2002, a Landan kuma aka kafa kamfanin Pho a 2005, wanda ya yi rassa a birane da dama na Birtaniya.

A watan Yunin 2023 kundin Michelin ya fara tantance gidajen abincin Biyetnam, inda huɗu suka sami tauraro ɗaya: Gia, Tầm Vị da Hibana by Koki a Hanoi, da Anan Saigon na Peter Cuong Franklin a birnin Ho Chi Minh. Duk da haka shagunan talakawa ba su rasa kima ba. A watan Mayun 2016 shugaban Amurka Barack Obama ya ci bún chả tare da Anthony Bourdain a wani ƙaramin shago a Hanoi, kuma kuɗin abincin duka dala shida ne.

Ana muhawara kan wannan sauyi. Masu suka na ganin ana tsawwala farashin abincin da asalinsa na bakin titi ne, ana kuma rage masa wari da yaji don baƙi. Masu dafa abinci daga cikin ƴaƴan ƴan gudun hijira na cewa romon da ya kwana a wuta ya cancanci farashi irin na girkin Faransa ko Japan.

Yadda ake cin abinci

A al'ada ana ajiye kwanoni duka a tsakiyar tebur lokaci guda, kowa da ƙaramin kwanon shinkafarsa yana ɗiba. Ƙarami yakan gayyaci manya kafin ya fara ci. Ana amfani da tsinke da cokali, wasu abubuwan kuma da hannu ake naɗe su a ganyen latas a tsoma a nước chấm, haɗin ruwan kifi da lemun tsami, sukari, tafarnuwa da barkono. Ba a soke tsinke a tsaye cikin shinkafa, domin ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamata.

Batun halal

Naman alade shi ne naman da aka fi ci a Biyetnam, kuma yana shiga inda baƙo ba zai zata ba: cikin nem, cikin haɗin hanta da ake shafa wa bánh mì, da kitsen suya. Miyar bún bò Huế, duk da kalmar bò na nufin saniya, sau da yawa tana ɗauke da ƙafar alade da daskararren jini. Wasu gidajen na haɗa ƙashin alade a romo, wasu na zamani kuma na girki da giya. Musulmi kan tambayi abin da aka yi romo da shi da kuma yadda aka yanka dabbar. A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa ke bi, kifi da jatan lande halal ne ba tare da yanka ba. Akwai kuma girkin chay na mabiya addinin Buddha wanda ba nama a ciki. Masu rashin lafiyar gyaɗa ko jatan lande su ma kan yi hattara, domin ana barbaɗa su a abinci da dama.

Musulmin ƙasar tsiraru ne, yawancinsu ƴan ƙabilar Cham, kuma na lardin An Giang suna da nasu girkin na naman shanu. A birnin Ho Chi Minh ana samun gidajen abincin halal kusa da masallacin titin Đông Du, wanda Musulmin Indiya suka gina a 1935, da kewayen kasuwar Bến Thành.

A Afirka ta Yamma

A yaƙin Indochina na 1946 zuwa 1954, Faransa ta tura dubban sojoji daga ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira tirailleurs sénégalais ko da ba daga Senegal suka fito ba. Wasunsu sun dawo da matan Biyetnam da ƴaƴa. Matan da suka zauna a Dakar sun riƙa soya nem suna sayarwa, har ya zama abincin titi da na biki a Senegal, ana cusa masa naman shanu ko jatan lande maimakon alade. An san shi kuma a Abidjan.

A Najeriya, abin da ya fi kusa da nem shi ne naɗin fulawa da ake soyawa tare da samosa a bukukuwa da lokacin buɗa baki a Kano da Kaduna, sai dai shi salon Sinawa ne. A garuruwa irin su Gummi, Anka da Bukkuyum, cin abinci a waje ya fi karkata ga teburin mai shayi, tukubar mai tsire da masu waina da tuwo, amma yawancin kayan girkin Biyetnam sanannu ne a kasuwannin yankin: shinkafar fadama, tsamiya, gyaɗa, riɗi, citta, kanumfari da na'a-na'a.

Najeriya da Biyetnam sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1976. Biyetnam na sayen ɗanyen kashu daga Najeriya da Cote d'Ivoire domin masana'antunta, tana kuma sayar da shinkafa ga Ghana da Cote d'Ivoire.