Hidima da Lasisin Bishop: Tarihin Masu Karatu a Ikilisiyar Angilikan

Ikilisiyar Angilikan, wadda ta samo tushe daga Ingila ta kuma bazu zuwa ƙasashe masu yawa, ta gāji matakai uku na naɗi, wato bishop da firist da dikin, waɗanda ake keɓe su ta hanyar addu'a da ɗora hannu. Sai dai a gefen waɗannan matakai akwai wani rukuni na masu hidima da ba a ɗora musu hannu ba, waɗanda ke ci gaba da sana'o'insu na malanta ko noma ko aikin gwamnati, amma suna riƙe da takardar izini daga bishop domin jagorancin sujada da yin wa'azi. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne muƙamin Mai Karatu, kuma tarihinsa ya nuna cewa duk lokacin da jama'a suka fi ƙarfin limaman da ke akwai, ikilisiya takan koma ga wannan muƙami, tana faɗaɗa ikonsa da kaɗan-kaɗan tare da tsare iyakar da ta raba shi da aikin firist.

Asalin muƙamin ya girmi Ikilisiyar Ingila da ƙarnuka masu yawa, domin a zamanin farko na Kiristanci, lokacin da littattafai suke rubutun hannu kuma masu iya karatu ba su da yawa, akan zaɓi mutum na musamman ya karanta Nassi a gaban taro. Wasiƙun Sifiriyan, bishop na Kartaj a Arewacin Afirka, sun nuna cewa wajen shekarar 250 ya ɗora wasu samari biyu, Aureliyus da Selerinus, a kan wannan aiki saboda juriyar da suka nuna a lokacin tsanantawar sarki Desiyus. Da tafiya ta yi tafiya, muƙamin ya zama ɗaya daga cikin ƙananan matakan da mai neman zama firist yake bi, har ya rasa matsayinsa na aiki mai zaman kansa.

An sake waiwayarsa a farkon mulkin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, wadda ta hau gadon sarauta a 1558 bayan shekarun da addinin ƙasar ya yi ta sauyawa tsakanin Katolika da Furotesta, abin da ya bar majami'u da dama babu limami. Matiyu Faka, wanda ya zama Babban Bishop na Kantabari a 1559, ya amince a sa mutanen kirki masu iya karatu su riƙe irin waɗannan majami'u, bisa sharaɗin cewa za su karanta addu'o'in da aka tsara da rubutattun huɗubobin da hukuma ta amince da su, su kuma binne matattu, amma ba za su yi wa'azi da kalmominsu ba, ba kuma za su taɓa baftisma ko Jibin Ubangiji ba. Da limamai suka ƙaru sai tsarin ya dusashe, ko da yake ya daɗe a wasu ƙauyukan kan duwatsu na arewacin Ingila inda kuɗin shiga bai isa ya riƙe firist ba. A yankunan da Ingila ta mallaka a Amurka kuwa, inda babu bishop ko ɗaya kafin a naɗa Samuel Siburi a 1784, masu karatu ne suka riƙa jagorancin sujada a majami'un da limami ke kaiwa gare su jefi-jefi.

Farfaɗowar da ta haifi tsarin yau ta zo ne a ƙarni na goma sha tara, sa'ad da masana'antu suka jawo jama'a zuwa birane, yawan mutanen Ingila da Wales ya tashi daga kusan miliyan 9 a 1801 zuwa kusan miliyan 18 a 1851. Ƙidayar masu zuwa sujada da aka yi a shekarar 1851 ta girgiza shugabannin ikilisiya, domin ta nuna cewa miliyoyin mutane ba sa shiga kowace majami'a, kuma kusan rabin masu zuwa sujadar suna zuwa ne wajen ɗariƙun da ba na gwamnati ba, musamman Metodis, waɗanda tun zamanin Jon Wesli suka dogara ga masu wa'azi daga cikin ma'aikata da manoma. Saboda haka a ranar tunawa da hawan Almasihu zuwa sama ta shekarar 1866, bishop-bishop suka taru a Fadar Lambet da ke Landan ƙarƙashin Babban Bishop Cales Longli, suka amince a maido da muƙamin Mai Karatu.

Ikon da aka ba su da farko ƙanƙane ne, domin an fi tura su ɗakunan taro da makarantu da ƙananan wuraren bishara da ba a keɓe su a matsayin majami'a ba, kuma an ɗauki shekaru ana muhawara kafin a yarda su yi wa'azi a cikin keɓaɓɓiyar majami'a, sannan daga baya a bar su su hau mumbari. A wannan zamani ne kuma wasu nau'o'in hidima suka ɓullo, kamar rundunar masu bishara da Wilson Kalail ya kafa a 1882 domin unguwannin matalauta na Landan, wadda ake ba ma'aikatanta lasisin mai bishara. Mata sun fara samun izini a 1917, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe maza, inda aka kira su manzannin bishop, amma sai a 1969 dokar ikilisiya ta buɗe musu muƙamin Mai Karatu sosai, wato shekara 25 kafin a naɗa mata firistoci a Ingila a 1994.

A Afirka wannan hidima ta ɗauki nauyin da ya zarce wanda ta ɗauka a Ingila, domin 'yan mishan Turawa ƙalilan ne, cututtuka kuma suna kashe su, don haka katikis, wato malamin da ke koyar da tushen bangaskiya ga masu shirin baftisma, shi ne ya zama ginshiƙin majami'ar ƙauye. Henri Ben, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS daga 1841 zuwa 1872, ya ɗora manufarsa a kan ikilisiyar da za ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta, manufar da ba ta yiwuwa sai da ma'aikata 'yan ƙasa. Samuel Ajayi Kurauda ya yi shekaru yana malanta a Saliyo, ya kuma shiga ayarin binciken kogin Kwara na 1841, kafin a naɗa shi firist a 1843, ya kuma zama bishop a 1864. Banad Mizeki, ɗan Mozambik da aka kashe a ƙasar Mashona a 1896, bai wuce matsayin katikis ba har ƙarshen ransa, haka kuma Afolo Kibebulaya na Buganda ya isa Mboga da ke gabashin Kongo a wannan shekarar yana katikis, kafin a naɗa shi daga baya. A Arewacin Najeriya ma, inda aikin CMS ya kafu a Zariya a 1905 ya koma Wusasa a 1929, malamai da masu bishara 'yan ƙasa ne suka riƙe sujada da Hausa a wuraren da firist ke ziyarta sau ɗaya a makonni.

Tsarin da ake bi yau a Ikilisiyar Ingila ya bambanta shigarwa da lasisi. Mai neman aikin, wanda dole ya kasance an yi masa baftisma da tabbatarwa, yakan yi karatun tauhidi na shekara biyu zuwa uku ba tare da barin sana'arsa ba, sannan bishop ya shigar da shi muƙamin sau ɗaya a rayuwa, ya miƙa masa Sabon Alkawari. Lasisin kuwa na dayosis ne, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop guda, ana sabunta shi lokaci-lokaci, ana kuma iya janye shi, sannan wanda ya ƙaura sai ya nemi sabo. Ana gane Mai Karatu da shuɗin mayafin da yake ratayawa a wuya a kan farar riga, inda limami ke rataya baƙi. Yana jagorancin addu'ar safe da ta yamma, yana wa'azi, yana koyarwa, yana taimakawa wajen rarraba gurasa da ƙoƙo, yana kuma iya jagorancin jana'iza da izinin bishop da yardar iyalin mamaci, amma tsarkake Jibin Ubangiji da furta gafarar zunubi da ɗaura aure ba sa cikin aikinsa. Dayosis da dama sun sauya sunan zuwa mai hidima mai lasisi, domin aikin ya daɗe da wuce karatu kawai, amma iyakar da Matiyu Faka ya shata game da Jibin Ubangiji tana nan daram bayan fiye da shekara 450.