Fatara: Ma'anar kalmar da inda ta bambanta da talauci da tsiya

Fatara kalma ce ta suna, jinsin mace, wadda ke nufin rashi mai tsanani, irin wanda mutum ba shi da cin yau balle na gobe. Ana cewa fatara ta kama wane, ko ta yi masa katutu, ko kuma yana cikin fatara. A labaran rediyo da jaridu an saba jera ta da 'yar'uwarta, a ce “fatara da talauci”, har wasu suka ɗauka ma'anarsu ɗaya.

Talauci ya fito ne daga talaka, shi kuwa talaka a asalin tsarin zaman Hausawa shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta kuma bai gaje ta ba. Attajirin da ke da rumfuna a Kantin Kwari talaka ne a gaban sarki. Da wannan ma'ana Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, suka riƙa kiran talakawa. Saboda faɗin kalmar ne idan ana son nuna tsanani sai an ƙara mata wani abu, a ce baƙin talauci, ko ƙangin talauci, ko talaka futuk. Fatara ba ta buƙatar ƙari.

Tana kuma da wani aiki da talauci ba ya yi: takan ɗauki abin da aka rasa ta jingina da shi. Ana cewa fatarar ruwa, fatarar kuɗi, fatarar ilimi, har da fatarar shugabanci. A nan ma'anarta ƙaranci ne ko yankewar abu, kuma mai dukiya ma yana iya shiga irin wannan. Malamai suna da tasu fatarar daga Larabci, wato tazarar da ke tsakanin manzanni biyu, kamar zamanin da ke tsakanin Annabi Isa (AS) da Annabi Muhammadu (SAW).

Inda ya kamata mai magana ya yi hattara shi ne tsiya. Ita ma tana nufin rashi, amma ta daɗe da rikiɗewa zuwa hali. Wanda aka ce wa matsiyaci zaginsa aka yi, ko da yana da gidaje goma, shi ya sa ake cewa matsiyaci ko an sa shi a tandun mai zai fito a bushe. Fatara kuwa hali ne da ya sami mutum, ba ta ɗora masa laifi. Duk da haka ba a faɗa wa mutum ita a gaban idonsa. Mai ladabi cewa yake yi mai ƙaramin ƙarfi, ko mabuƙaci.

A fagen zakka kalmomin Larabci ne ke aiki. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta fara lissafa masu karɓa da faƙirai da miskinai. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa ke bi, faƙiri yana da ɗan abin da bai isa ya ci shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai. Shafi'iyya sun juya lamarin. Saboda haka ga mai rabon zakka a Kano ko Zariya, miskini ne ya fi kusa da mai fatara.

Hukumomi su kuma awo suke yi. Bankin Duniya ya sa iyakar matsanancin talauci a kan dala 2.15 a rana a 2022, sannan ya ɗaga ta zuwa dala 3 a 2025. A 2022 ɗin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, har da lafiya da ilimi da yanayin muhalli. Wannan awo daban yake da na dala, kuma mai fassarar da ya kira su duka biyun fatara ya haɗe abin da masu ƙididdigar suka raba.