Daga alƙalamin magatakarda zuwa PHP

A zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, Waziri Giɗaɗo ne ke riƙe da wasiƙun fadar Sakkwato. Da Larabci ake rubuta su, kuma tsarinsu a zaune yake: a fara da Bismillah da salati, a faɗi daga wane zuwa ga wane, a yi gaisuwa, sannan a shiga magana, hatimi kuma ya tabbatar da mai wasiƙar. Magatakarda ba ya ƙago sabon salo kullum. Suna da saƙo kaɗai ke canjawa.

Daga baya Turawan Faransa suka zo Nijar da takardun da aka buga da gurabe. Har yau wanda ya je ofishin magajin garin Sae Sabuwa, a yankin Gidan Rumji, neman takardar haihuwar ɗansa, ita ce dai takarda guda ga kowa. Ma'aikaci ya cike suna, ranar haihuwa da sunayen iyaye.

A 1995 Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP, harshen kwamfuta na tsara shafukan intanet, ya ɗora wa kwamfuta wannan aikin na cike gurabe. Ana tsara shafi sau ɗaya, a bar gurabe. Da mai karatu ya taɓa wayarsa, kwamfutar da ke ajiye da shafin sai ta ɗebo kanun labari da hoto daga rumbun bayanai, ta cike, ta turo masa. Da PHP aka gina WordPress a 2003 da Facebook a 2004, kuma a kansa Wikipedia ta Hausa take aiki.